Iya Ruwa Daban, Iya Koyar Da Shi Daban

Kashegarin Ƙaramar Sallar da ta wuce, 'ya'yan ƙanwata suka matsa mini sai na kai su wani otal a nan cikin garin Gombe, inda ake buɗe wa yara kwamin ninƙaya a ranakun biki. Na biya kuɗin shiga, na samu kujera a inuwa na zauna. Yaran sun yi wa ruwan yawa, babu igiyar da ta raba inda yaro zai iya tsayawa da inda zurfi yake, kuma babban mutum ɗaya tak ne a bakin ruwan, wani saurayi ƙaƙƙarfa da iyaye ke danƙa wa kuɗi a hannu domin ya koya wa 'ya'yansu iyo.

Ina kallo ya kama wani yaro da bai wuce shekara takwas ba, ya ɗaga shi ya cilla wajen zurfin, ya tsaya yana tafa hannu yana ce masa ya buga ƙafa. Yaron ya nutse ya taso har sau biyu kafin saurayin ya faɗa ya fito da shi yana kakarin amai. Uban yaron yana gefe yana ɗauka da waya yana dariya.

Da na samu sarari na ce wa saurayin, Malam, a ina ka koyi wannan aikin? Ya amsa mini cikin ladabi, ya ce, Baba, ni a Dadin Kowa na tashi, tun ina ƙarami nake ƙetare ruwa, mu ma haka aka yi mana muka iya. Ban ga ƙarya a maganarsa ba, kuma na ga yadda yake tafiya cikin ruwa kamar tarwaɗa. Abin da ya dame ni shi ne babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa yadda ake koyar da yaro, babu wanda ya gwada shi, kuma da yaron nan ya mutu a hannunsa babu wanda zai tsaya masa ko ya tsaya wa iyayen.

Ra'ayina shi ne jihar Gombe tana buƙatar ƙungiyar ƙwararru wadda aikinta horar da malaman iyo da masu horar da 'yan wasan ninƙaya, ta gwada su a cikin ruwa, ta ba su shaida, ta riƙe rajistar sunayensu, ta kuma zame musu gata. Ina ganin wannan ya kamata ya riga gina sababbin wuraren ninƙaya, domin ruwa muna da shi tun kafin a haife mu, malamin ne ba mu da shi.

Ai muna da matsalolin da suka fi wannan

Wannan ce maganar farko da ake jefo mini, kuma ba na raina ta, domin mutumin da ke neman abin da zai sa a tukunya ba zai saurari zancen iyo da daɗin rai ba. Sai dai kuskuren yana wajen ɗaukar iyo a matsayin nishaɗin 'ya'yan masu kuɗi. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a ƙarshen 2024 ya ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, ya kuma nuna cewa idan aka auna da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce abin ya fi yi wa ɓarna. Majalisar Ɗinkin Duniya ma tun 2021 ta ware ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara domin wannan batu.

Mu a nan ba ma buƙatar rahoto kafin mu sani. Kogin Gongola ya ratsa jihar, kuma tarihin masarautar Gombe ma a bakinsa ya faro, tun daga Gombe Abba har Nafada. Ga dam ɗin Dadin Kowa, ga na Balanga, ga kududdufan da ake bari bayan an haƙi ƙasar gini ko ta titi, ga kwarurrukan cikin gari da ke zama kogi cikin minti kaɗan idan an yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta. Ɗan mai kuɗi ba ya zuwa waɗannan wurare. Masu zuwa su ne almajirin da ya je wanki, da yarinyar da aka aika ɗebo ruwa, da yaron da ke kiwo ya bi shanu ƙetare. Duk damina muna jin jami'an kashe gobara sun ciro gawa, a yi jana'iza, a ce Allah Ya ba da haƙuri, a jira ta gaba.

Na san akwai masu cewa kwana ne ya ƙare, har su kawo hadisin da ya lissafa wanda ruwa ya ci cikin shahidai. Hadisin ingantacce ne, amma a cikinsa an lissafa wanda gini ya faɗa wa, kuma ban taɓa jin wanda ya kafa hujja da shi ya ƙi gyara katangar da ta tsage ba. Maganar nan da ake jinginawa ga Sayyidina Umar, cewa a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki, malamanmu suna yawan kawo ta a wa'azi. Dokin dai muna ganinsa a hawan Sallah, iyon kuwa an bar wa yara su koya wa junansu a ɓoye.

Ai yaran bakin kogi sun iya

Wasunsu sun iya ƙwarai. Amma waɗanda muke gani sun iya su ne waɗanda suka tsira daga irin koyon da aka yi musu, sauran ba sa nan balle mu tambaye su. Hausawa sun ce iya ruwa fidda kai, kuma gwanin bakin kogi yakan fid da kansa. Fid da wani, da hana wani shiga halin da zai buƙaci a fid da shi, wani ilimi ne na dabam, kuma shi ne abin da ake koya wa malamin iyo.

Mutane da yawa sun ɗauka mai nutsewa yana ihu yana ɗaga hannu. Akasari shiru ake nutsewa. Bakin yaron yana hawa yana sauka a saman ruwa, numfashin da zai yi ihu da shi ma bai samu ba, hannayensa suna danna ruwa a gefe, kuma cikin abin da bai kai minti ɗaya ba zai iya ɓacewa alhali abokansa suna wasa kusa da shi. Malamin da aka horar ya san wannan kamanni, ya san dole ya riƙa ƙirga kawunan ɗalibansa, ya san bai kamata ya juya wa ruwa baya ba ko da wayarsa tana ƙara.

Ya kuma san cewa faɗawa ruwa shi ne mataki na ƙarshe wajen ceto. Mai nutsewa yana damƙe duk abin da ya taɓa, shi ya sa sau da yawa ake ciro gawa biyu, ta yaro da ta yayansa da ya bi shi. Abin da ake fara yi shi ne a miƙa gora ko sanda daga tudu, ko a jefa igiya, ko jarkar da babu komai a ciki an rufe bakinta. Wannan darasi bai kai awa ɗaya ba, amma sai an samu mai koyar da shi.

Sai kuma abin da ake yi bayan an fito da mutum. Mun saba ganin ana danna masa ciki, ko a kama ƙafafunsa a juya shi kai ƙasa wai ruwan ya zube. Wannan ɓata lokaci ne, yana kuma iya sa abin da ke cikinsa ya koma hanyar numfashi. Wanda ba ya numfashi iska yake nema: a buɗe masa hanyar numfashi, a fara hura masa iska, sannan a ci gaba da danna ƙirji sau 30 ana hura iska sau 2, har taimako ya zo. Ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska fiye da 'yan mintuna. Saurayin da na gani a otal ɗin nan, da na tambaye shi wannan, cewa ya yi ai danna ciki ake yi.

Akwai kuma tantance yaro kafin ya shiga ruwa. Yaro mai farfaɗiya ko mai asma ba a sa shi cikin sahu haka kawai, kuma iyaye a wurinmu suna ɓoye farfaɗiya saboda kunya, don haka sai malami ya san yadda zai yi tambayar a keɓe. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar ita ce a koyar da yara daga shekara shida zuwa sama, a wurin da aka killace, a hannun malamin da aka horar. Waɗanda ba su kai haka ba, maganinsu sa ido da rufe rijiya da kife bokiti, kuma ba zan ce malamin iyo zai magance wannan ɓangaren ba.

Duk da haka masunta da Sarakunan Ruwa su ne ya kamata su zama ƙashin bayan wannan ƙungiya. Su suka san inda kogi ke da rami, da inda yake juyawa, da lokacin da ruwa ke ƙaruwa idan an saki na dam. Wannan ilimi ba ya cikin littafin kowa. Abin da za a ƙara musu tsarin koyarwa ne da agajin gaggawa, su kuma su koya wa malaman makaranta halin ruwan.

Ina wuraren da za a koyar?

Mutanen Bangaladash sun riga mu amsa wannan tambaya. Ƙasa ce mai ruwa ta ko'ina, talaucinta kuma ba baƙo ba ne a wurinmu. A shirinsu da ake kira SwimSafe, sukan shiga kududdufin ƙauye su kafa dandamali da shinge na gora, su killace wuri marar zurfi, su horar da matasan ƙauyen, maza da mata, su zama malamai. Abin da ake nema daga yaro kafin a ce ya gama ba shi da yawa: ya yi iyo na mita 25, ya iya tsayawa a saman ruwa na daƙiƙa 30, ya kuma iya ceton wani daga tudu. A Ingila ma, mita 25 ɗin nan da iya fid da kai su ne abin da manhajar firamare ta ɗora wa makarantu.

Sai dai dole in faɗi inda misalin Bangaladash zai iya cutar da mu idan muka kwafe shi ido rufe. Ruwanmu da yawa yana da tsargiya. Duk wanda ya tashi kusa da dam ko fadama ya san yaran da ke fitsarin jini, har wasu na ɗaukar abin a matsayin alamar balaga. Ba daidai ba ne a tara yara talatin a ruwan da ke da dodon koɗin da ke ɗauke da cutar, a hana su nutsewa a ba su ciwo. Wannan ma hujja ce ta buƙatar ƙungiya mai ƙa'ida, wadda za ta ce ba a koyarwa a wuri sai ma'aikatan lafiya sun duba shi, sai an auna zurfinsa, sai an share ƙasansa daga kwalabe da ƙarafa. A cikin gari kuwa, kwamin otal-otal a mafi yawan ranakun mako babu kowa a cikinsa da safe. Ƙungiya tana iya zama da masu otal ta yi ciniki a madadin makarantu, abin da malami shi kaɗai ba zai iya ba.

Wata ƙungiyar karɓar kuɗi ce kawai

Wannan ita ce sukar da ta fi ƙarfi, kuma ni ma ina jin tsoronta. Mun ga yadda ƙungiyoyin sana'a suke farawa da kyakkyawar niyya, bayan shekara biyu su koma rasit da katin shaida da rigimar shugabanci, a raba gida biyu, kowane ɓangare da nasa hatimin. Idan abin da za a kafa ke nan, gara a bar saurayin nan da halinsa, domin aƙalla shi ba ya riƙe da takardar da za ta yaudari iyaye.

Amma akwai ƙasashen da irin wannan ƙungiya ta daɗe tana aiki. A Birtaniya, ƙungiyar malaman ninƙaya da ake kira STA tana nan tun 1932, ƙungiyar ceton rai a ruwa kuma tun 1891. A Ostareliya an kafa AUSTSWIM a 1979. Abin da na fahimta daga tsarinsu shi ne darajar takardar tana zuwa ne daga wahalar samunta da kuma yiwuwar rasa ta. Ba a ba mutum sai an gan shi yana koyar da ɗalibai na gaske a gaban mai gwaji, kuma shaidar ceto da agajin gaggawa tana da wa'adi, idan ya cika sai an sake gwaji.

Namu ma haka ya kamata ya kasance. Jarrabawar a cikin ruwa za a yi ta, a bainar jama'a, inda ba a iya satar amsa, kuma ɗan wane ba zai iya aiko wani ya nutsa masa ba. Wanda ya horar da mutum kada ya zama shi ne mai gwada shi. Shaidar ta mutu bayan shekara biyu ko uku. Rajistar ta kasance a buɗe, yadda uba zai iya duba sunan malami a waya kafin ya miƙa ɗansa. Kada kuma a sa Turanci ya zama ƙofa, domin idan aka ce sai mai takardar sakandare, an kori masunta tun kafin a fara. A yi horon da Hausa da Fulatanci, a samu masu fassara zuwa Tera da Tangale da Waja inda ake buƙata, a karɓi amsa da baki.

Wani zai ce ai akwai hukumar wasannin ruwa ta ƙasa, akwai kuma Cibiyar Wasanni ta Ƙasa a Legas mai horar da kociyoyi. Suna nan, kuma ya kamata a nemi amincewarsu domin shaidar Gombe ta yi aiki a Bauchi da Yola. Amma hankalin hukumar wasanni yana kan gasa da lambobin yabo, wanda shi ne aikinta, kuma masuncin Nafada ba zai bar komarsa ya tafi Surulere ta Legas neman horo ba. Kocin da zai fitar da ɗan wasan da zai wakilci jiha a gasar wasanni ta ƙasa ma daga cikin malaman nan zai fito, domin sai yara dubu sun koyi fid da kai kafin a ga goman da ke da gudu. Saboda haka matakin koci ya zama hawa na biyu a cikin ƙungiyar, ga wanda ya yi shekaru yana koyar da masu farawa.

'Ya'ya mata da amanar yara

A nan ne na fi ganin rashin ƙungiyar. Babu uban da zai miƙa 'yarsa mai shekara goma sha biyu ga saurayi ya riƙe ta a cikin ruwa, kuma yana da gaskiya. Sakamakon haka 'yan mata ba sa koyo sam, alhali su ne masu wanki da ɗiban ruwa a bakin rafi, su ne kuma ke cika kwalekwale ranar biki da ranar kasuwa, da zane da hijabin da ke nauyi idan ya jiƙe. Mafita ita ce malamai mata, da lokaci na mata zalla, da wurin da aka kewaye, da sutura mai rufe jiki wadda ba ta shan ruwa. Malamai mata kuwa ba za su faɗo daga sama ba, sai wani ya ɗauki nauyin horar da rukunin farko, ko da za a ɗauko mai horarwar daga wata jiha.

Yara maza ma amana ne. Aikin nan ya ƙunshi taɓa jikin yaro da tsayawa inda yake sauya kaya, kuma mun san abin da ke faruwa a wasu wuraren da ake barin babba shi kaɗai da yara, ko da ba ma son faɗa. Dokar ƙungiya ta hana malami keɓewa da yaro, ta wajabta kasancewar babba na biyu, ta buɗe hanyar kai ƙara. Wanda aka samu da laifi a cire sunansa, yadda ba zai bar wannan otal ya koma wancan ba.

Shi malamin me zai samu?

Idan ƙa'idoji kawai za a ɗora masa, ba zai shigo ba. A yau mai koyar da iyo ba shi da albashi tsayayye, aikinsa yana tsayawa cak idan hunturu ya shigo, kuma ranar da tsautsayi ya faru shi kaɗai za a tafi da shi ofishin 'yan sanda, mai wurin ya ce bai san shi ba. Ƙungiya za ta iya tsayar da mafi ƙarancin abin da za a biya shi, ta hana a tara masa yara arba'in shi kaɗai, ta nema wa mambobinta inshora a dunƙule, ta samo lauya idan ta kama. Watannin sanyi kuma su zama na sabunta horo da zagaya makarantun boko da na allo da Islamiyya ana koyar da darasin gora da jarka, wanda ba ya buƙatar ruwa ko kaɗan.

Mutanen da za a fara da su suna nan. Akwai malaman motsa jiki a makarantu, akwai jami'an kashe gobara, akwai Red Cross da ta daɗe tana koyar da agajin gaggawa, akwai 'yan agajin ƙungiyoyin addinin Musulunci da matasan majami'u da suka saba da horo da bin umarni. Kwalejojin ilimi, irin ta Billiri, za su iya ba da aji da masu tsara manhaja. Gwamnatin jiha ba sai ta riƙe ƙungiyar ba, kuma na fi son kada ta riƙe, don kada shugabancinta ya zama muƙamin rabawa. Abu ɗaya ake nema daga gare ta, shi ne ta sa doka cewa duk wurin ninƙayar da ke karɓar kuɗin jama'a dole ya ajiye mai ceto da ke cikin rajista a duk lokacin da yake buɗe.

Lokacin da ya fi dacewa a horar da rukunin farko shi ne Maris da Afrilu, sa'ad da zafi ya sa kowa ke son ruwa, koguna kuma sun ja baya. Mutum ashirin sun isa a fara, rabi daga garuruwan bakin Gongola, rabi daga cikin gari, a tabbatar akwai mata a ciki, domin su samu watanni biyu ko uku suna koyarwa kafin kududdufai su cika.